Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da mutuwa suke hannunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko ɗalibi ne kai ko uba, ko kuwa uwa ce ke ake karanta miki a tsakar gida, na san tun kafin ka iso wannan shafi ka ga canji a mujallar nan. Idan ka juya ɓangaren ajami za ka tarar hannun ba wanda ka saba gani ba ne. Layuka sun karkace, wasu wasulla sun zauna inda ba wurinsu ba, ɗa mai hannu ma hannun nasa ya gajarce. To kada ka ɗora wa mai buga takarda laifi, hannuna ne. Mai hannun da ka sani, wato Malam Babba, Allah Ya yi masa rasuwa a zangon karatun da ya wuce. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ba sai na ambaci sunansa ba. Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin makarantar nan ya san wa ake nufi idan an ce Malam Babba. Ni ina ɗan shekara 8 mahaifina ya riƙo hannuna ya kawo ni gabansa, lokacin makarantar aji uku ce rak, ɗaya ma rumfar kwano ce. A wurinsa na yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a wurinsa na fara jin sunan Ajuruma. Shi ne ya je har gida ya roƙi mahaifina a bar ni in ci gaba da karatun Larabci maimakon a kai ni shago. Da na gama na dawo da takardar shaida a hannu, shi ne kuma ya karɓe ni aiki.

Akwai wani abu da ya faru a makon farko na aikin, wanda har gobe ba na mantawa. Ya ba ni aji biyu, ya shigo ya zauna can baya a kan bencin yara. Ni kuwa sabon shiga, kai cike da Larabci, na yi ta zubo wa yara kalmomi manya manya a kan abubuwan da ke warware alwala, ina jin yau Malam zai san ba a banza na tafi ba. Da aka kaɗa ƙararrawa sai ya kira wata 'yar yarinya ya ce, "Zo nan, 'yata. Me Malam ya ce yana karya alwala?" Yarinya ta yi shiru tana wasa da bakin hijabi. Ya sallame ta, ya juyo ya ce mini, "Malam, karatu ya yi kyau ƙwarai. Saura koyarwa." Ko murya bai ɗaga ba. Kuma daga ran nan har ya koma ga Allah bai ƙara kirana da sunana ba sai Malam, alhali shi ne ya share mini majina ina yaro.

Wanda ya halarci jana'izarsa ya ga jama'a. Sahu ya cika filin makaranta ya fita har kan titi. Akwai likita, akwai direban tanka, akwai ɗan sanda, akwai matan aure da suka tsaya daga cikin gida suna kuka a hankali, duk ɗalibansa ne. Kwana uku ana zaman makoki, tabarmi ba su isa ba sai da aka aro na masallaci. Hotonsa ya zaga wayoyi, kowa ya ɗora a WhatsApp da addu'a a ƙarƙashi. Ban raina wannan ba, wallahi. Kuka don rabuwa da masoyi ba laifi ba ne, Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yage tufafi da maganganun rashin yarda da ƙaddara. Ta kuma yi wa makoki iyaka, kwana uku, in ban da matar mamaci wadda za ta yi takabar wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu idan tana da ciki. Maganar sadakar uku da bakwai da arba'in ba zan shige ta ba, malamai sun yi saɓani, kuma Malam kansa bai yarda a raba kan ɗalibai a kanta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rana ta huɗu. Ranar aka naɗe tabarmi, aka mai da na masallaci, kowa ya kama gabansa. Da magariba na bi ta zauren da yake ba magidanta karatun Risala, na tarar da mutum uku zaune shiru, sun zo bisa sabo. Littafin yana kan buzu, da ɗan guntun kwali da yake sa alama da shi, a tsakiyar babin ciniki. Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai sayar da hatsi, ya dube ni ya ce, "To Malam, yanzu shi ke nan?" Na rasa abin da zan ce masa.

Ra'ayina ke nan, ya ɗan'uwa, kuma zan faɗe shi ba kwana-kwana: mun iya binne malamai, amma ba mu iya riƙe abin da suka bari ba. Kuma da kaina zan fara, kada a ce ina nuna wasu da yatsa.

Shekara da shekaru ina cewa zan zauna da Malam in rubuta sunayen malamansa, wane littafi ya karanta a wurin wa, a wane gari. Ya sha ba mu labarin a ofis muna shan shayi, yadda ya yi zaman Zariya, da yadda ya taka da ƙafa zuwa wani ƙauye don littafi ɗaya. Kullum sai in ce sai an yi hutu. Hutu ya zo ya wuce ya fi sau goma. Waya tana aljihuna dare da rana, wadda za ta iya ɗaukar karatun shekara guda ba ta cika ba, amma da na bincika bayan rasuwarsa, abin da na samu na muryarsa bai kai minti biyar ba, shi ma ranar saukar karatu ne, lasifika tana ƙara. Mu biyar malaman makarantar nan muka zauna don mu haɗa salsalar karatunsa, sai ga shi ko a kan wanda ya karantar da shi Muhtasar ba mu haɗu ba. Wannan ya ce wane, wancan ya ce a'a. Haka batun ajamin nan. Sau nawa ya ce mini, "Malam, zo ka zauna in gyara maka hannu," ni kuwa in ce ai kwamfuta ta kusa ɗauke mana wannan wahala. Ga sakamakon nan a ɗaya ɓangaren mujalla kana gani.

Wannan sakaci ba yau ya fara ba, kuma ya taɓa cin wanda ya fi Malam Babba nesa ba kusa ba. 'Yan aji biyar da shida, ku saurara da kyau. A zamanin Imamu Malik akwai wani babban malami a Masar ana ce masa Laisu ɗan Sa'adu. Tsaran juna ne, Laisu ya rasu a shekara ta 175 bayan Hijira, Malik kuma a 179. Suna rubuta wa juna wasiƙa a kan mas'alolin ilmi, kowa yana kare hujjarsa cikin ladabi, Laisu kuma mai wadata ne mai kyauta, har yakan aika wa Malik da alheri Madina. Imamu Shafi'i, wanda ya yi karatu a gaban Malik kuma ya ƙare rayuwarsa a Masar a shekara ta 204, an ruwaito cewa a ganinsa Laisu ya fi Malik zurfi a fiƙihu, sai dai almajiransa ne ba su tsaya masa ba. To yau tambayi duk wanda ka ga dama a unguwar nan ko ya san mazhabar Laisu. Hadisan da ya ruwaito suna nan cikin Buhari da Muslim, amma fiƙihunsa a matsayin mazhaba ya tafi. Haka ta faru da Imamu Auza'i wanda ya rasu a 157, an bi mazhabarsa a ƙasar Sham da Andalus na wani zamani, daga baya ta shuɗe.

Malik fa? Allah Ya ba shi almajirai masu naci. Ibnul Ƙasim, mutumin Masar, ya lazimce shi kimanin shekara 20. Yahaya ɗan Yahaya ya taso tun daga Andalus, kuma ruwayarsa ce Muwaɗɗar da muke karantawa a ƙasar nan. Ana ba da labari cewa wata rana an shigo da giwa Madina, ɗalibai suka watse daga majalisin Malik don kallo, Yahaya kaɗai ya zauna, domin shi ba giwa ce ta fito da shi daga garinsu ba. (Masu leƙa taga in mai rake ya wuce, da ku nake.) Sannan ga Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 240. Shi bai ma sadu da Malik ba, amma ya yi tattaki zuwa Masar ya zauna gaban Ibnul Ƙasim yana tambaya, me Malik ya ce a kan kaza, me ya ce a kan kaza, yana rubutawa. Abin da ya tara shi ne Mudawwana, uwar littattafan mazhabarmu. Daga wannan rijiya aka ɗebo Risala da Muhtasar, har ruwan ya gangaro ya iso cikin ɗan Ahalarin da ke jakarka. Ka ga ke nan alwalar da kake yi yau da yadda aka koya maka ita, akwai hannun wani ɗalibi da ya ƙi tashi kallon giwa, da wani da ya ƙi gajiya da tambaya.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an faɗa mini a fuska: "Haba Malam, ina Imamu Malik ina malamin Islamiyya na unguwa? Me ya faɗa wanda babu shi a littafi? A yi masa addu'a kawai." Addu'a kam wajibinmu ce, kuma ita ce ta fi amfanarsa. Amma maganar cewa duk abin da ya sani yana cikin littafi, wanda bai zauna gabansa ba ne zai faɗe ta. Littafi ya ce zakkar fid da kai sa'i ɗaya ce. Malam Babba kuwa mudunnabi yake ajiye da shi a cikin durowa, idan azumi ya kusa ƙarewa sai ya sa a kawo gero, yaro ya auna huɗu da hannunsa, sannan a juye a kwanon awo na kasuwa kowa ya ga inda ya tsaya. Littafi ya yi bayanin riba da Larabci. Shi kuwa sai ya kawo maka misalin mai ba manomi bashin buhu da damina don ya karɓi buhu biyu da kaka, har dattijon nan mai hatsi ya sunkuyar da kai. Ya san inda yaron Bahaushe ke tuntuɓe a Fatiha, ya san harafin da harshenmu ke mai da shi wani harafi, kuma yana da dabarar gyara kowanne. Wannan ilmi na shekara 40 ne a gaban yara, ba a sayar da shi a kasuwar Kurmi.

Kuma kada a raina malamin yara. Ita kanta Risalar da muke ta magana, Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a 386, ya rubuta ta ne bisa roƙon wani malamin yara na Tunis mai suna Muhrizu, wanda ya nemi a taƙaita masa abin da zai koya wa ƙananan ɗalibansa. Yau fiye da shekara dubu ke nan ana karanta ta. Da malamin yaran nan bai damu da ajinsa ba, da babu ita.

Magabatanmu na wannan yanki sun san hakkin malami ta wannan fuska. Ahmad Baba na Tambutu, wanda sojojin Maroko suka kama suka tafi da shi Marrakish a 1594, a can cikin baƙunta ya rubuta littafinsa na tarihin malaman Malikiyya mai suna Nailul Ibtihaj. A ciki ya ba da tarihin malaminsa Muhammadu Bagayogo, wanda ya lazimta fiye da shekara 10. Bai tsaya ga cewa malam mutumin kirki ne ba. Ya faɗi yadda yake raba yininsa tun daga asuba har dare, da littattafan da ya karanta a gabansa, da haƙurinsa da ɗalibi mai nauyin fahimta, da yadda yake ba da aron littattafai masu tsada ko ga wanda bai sani ba. Saboda wannan rubutu, mutumin da ya rasu fiye da shekara 400 har yau mun san yadda yake zama a majalisinsa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, shi ma ya rubuta Ida'un Nusukh a 1812, ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne, har da Shehu kansa da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Waziri Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu, matarsa Nana Asma'u kuma ta yi marsiyyoyi da dama ga mamatan gidansu da na jama'a. Su makokinsu da tawada suka yi shi.

A zamaninmu ma duba ka gani. Shaihu Abubakar Gumi ya rasu a 1992, Shaihu Nasiru Kabara a 1996, an harbe Malam Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Kano a 2007, Dakta Ahmad Bamba mai karatun hadisi ya rasu a 2022. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Yaron da aka haifa bayan rasuwar wasunsu yana jin muryarsu yau a wayar babansa. Me ya kawo haka? Wani bawan Allah ne, wanda ba mu ma san sunansa ba, ya ɗauki rikoda ya ajiye gaban malam, ya juya kaset in ya cika, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya adana.

Mu namu ya wuce ba mu ajiye rikoda ba. Amma ba duka aka rasa ba, kuma a nan ne nake neman taimakonku, ɗalibai na yanzu da na da. Karatun Malam yana warwatse cikin littattafan rubutunku. Wata tana da bayaninsa na jinin haila da biƙi wanda ya yi wa ajin matan aure, tana ajiye da shi a ƙasan adaka. Wani yana da jadawalin rabon gado da ya zana a allo. Wani ya rubuta fassararsa a gefen Iziyya da jan biro. Ina roƙonku don Allah, kada a ƙulla ƙosai da waɗannan takardu, kada a hura wuta da su. A kawo ofishin makaranta, za mu ɗauki hoto mu mayar wa kowa da abinsa a ranar. Wanda kuma ya tuna wani labari da Malam ya ba shi game da malamansa ko tafiye-tafiyensa, ya zo ya faɗa a rubuta, ko da yana ganin ƙaramin abu ne. Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa ajiya, mun sani.

Sai maganar littattafansa, kuma a nan zan ɗan yi zafi, a gafarce ni. Tun ana zaman makoki na ga wasu suna shiga ɗakin karatunsa suna fitowa da littafi a hammata, wai na tabarruki. Wasu kuma akwai aron da suka karɓa tun yana raye, sun yi shiru, suna ganin mai shi ya tafi. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Daga lokacin da rai ya fita, duk abin da mutum ya mallaka ya tashi daga nasa. Za a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage na magada ne. Littafi dukiya ne kamar akuya, kamar gona. Malam ya bar iyali, cikinsu akwai ƙananan yara waɗanda ba su balaga ba. Wanda ya ɗauki littafi ba da izini ba, dukiyar maraya ya ɗauka, kuma kowa ya san abin da Alƙur'ani ya yi wa mai cin dukiyar maraya alkawari. Babu albarka a cikin wannan. Ni kaina akwai ƙamus ɗinsa da ya kwana shekara uku a ɗakina, na mayar ranar da aka share makoki, ina jin kunya.

Abin da ya dace a ganina shi ne a ƙirga littattafan a rubuta sunayensu, a sa wanda ya san kasuwar littafi ya yi musu kuɗi na gaskiya. Baligai cikin magada idan sun so su bar rabonsu wakafi, Allah Ya ba su lada. Rabon marayu kuwa babu mai ikon yin kyauta da shi, ko waliyyinsu, sai dai a saya. To tsofaffin ɗalibai su haɗa kuɗi su saya, a ajiye a makaranta inda kowa zai amfana, kuɗin ya shiga hannun iyali. Amma a yi da wuri. Akwai gafaka biyu na rubutun hannu, wasu na mahaifinsa ne, kuma ɗakin yana yoyo ta kusurwar gabas. A watan Janairun 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙona wasu rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba da ke Tambutu, duniya ta yi ta jimami, ko da yake mafi yawa sun tsira domin mutanen gari sun riga sun kwashe su a akwatuna zuwa Bamako, wasu ta mota wasu ta jirgin ruwa. Mu a nan ba mai zuwa da bindiga. Gara ce da ruwan sama da ɓera, kuma aikinsu ba ya shiga labarai. Akwai wuraren da suka san yadda ake adana irin waɗannan takardu, kamar Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, za mu nemi shawarar masana kafin mu taɓa su da hannun da bai iya ba.

Yanzu saura magana mafi nauyi, wadda na yi ta juyawa ko in rubuta ko in bari. Iyaye, ku yi haƙuri da ni, ɗanku ne. Da muka buɗe rajistar kuɗin wata bayan rasuwar Malam, mun tarar da sunaye da yawa da ya sa wa ɗan ɗigo a gefe. Ashe waɗanda ba su biya ba ne, wasu wata uku, wasu shekara. Bai taɓa korar yaro ba, bai taɓa aika takarda gida ba. Idan kuɗi ba su kai ba, mu yake fara biya, shi ya ɗauki abin da ya rage, wani watan ma ba abin da ke ragewa. Mu da muke aiki tare da shi ba mu sani ba, ko kuwa in ce ba mu tambaya ba, don rashin tambayar ya fi mana sauƙi.

Wanda ba shi da hali, Allah Ya sani, kuma na tabbata Malam ya yafe tun yana raye, mu ma ba za mu bi shi ba. Amma akwai wanda ke biyan kuɗin makarantar boko tun kafin a koma hutu, don ya san in bai biya ba za a koro yaro, na Islamiyya kuwa da bai kai kuɗin katin wayarsa na mako ba sai ya ce Malam ai na gida ne. Wasu daga cikinsu na gan su a sahun gaba ranar jana'iza, suna cewa an yi babban rashi. Gaskiya ne an yi. To albashin da Malam bai ɗauka ba bashi ne a kan makaranta, makaranta kuma tana bin ku, kuma yanzu hakkin ya koma na matarsa da ke cikin takaba da 'ya'yansa. Kakanninmu da ba su da albashi ba su fasa kuɗin Laraba ba, ba su fasa kai wa malam damin gero da kaka ba.

Lokacin da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina bayan yaƙin Mu'uta a shekara ta 8, umarnin da Manzon Allah (S.A.W.) ya bayar shi ne a dafa abinci a kai wa iyalinsa, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa sau da yawa gidan mamaci ne ke ɗora tukunya don baƙi, a cinye ɗan abin da ya rage a tafi. Kwana uku gidan Malam ya cika maƙil. Na koma bayan wata guda, na yi sallama sau uku kafin ƙaramin ɗansa ya leƙo, ya ce Umma ta ce wane ne, don an kwana biyu ba wanda ya zo.

Kwamitin makaranta ya amince 'ya'yan Malam za su yi karatu kyauta har su sauke. Wannan ya yi, amma ba ya cika tukunya. An buɗe littafi na musamman a ofis, wanda ake bi ya zo ya biya a asirce, ba za a kira sunan kowa a taro ba, ni da hedimasta kaɗai za mu gani. Wanda ba a bin sa kuma yana son ya sa hannu, ƙofa a buɗe take. Mata masu zuwa karatun safe, ku riƙa biyawa ta gidan ko da hannu wofi ne, mai takaba ba ta fita yawo, gaisuwa ma abinci ce a wurinta.

Akwai kuma malamai biyu da suka rage a makarantar nan waɗanda suka haura shekara 60, kun san su. Na riga na roƙe su, sun yi dariya sun ce su wa, amma sun yarda. Daga wannan zango duk ranar Lahadi bayan la'asar 'yan aji shida biyu za su zauna da ɗayansu, ɗaya da waya ɗaya da littafin rubutu, a tambaye su malamansu da abin da suka karanta da yadda suka karanta shi. Za mu riƙa kawo muku kaɗan kaɗan a mujallar nan, da boko da ajami. Wanda kuma yake da kyakkyawan hannun ajami cikin iyaye, don Allah ya zo ya karɓe ni, ko ya zauna ya gyara mini, wannan karon ba zan ce sai an yi hutu ba.

Shi kuwa dattijo mai hatsi, na je har rumfarsa na ba shi amsar tambayarsa. Karatun Risala zai ci gaba ranar Asabar tsakanin magariba da lisha, a zauren da aka saba. Ni zan ja baƙi, ba don na isa ba, sai don ba a samu wanda ya yarda ba. Inda na kakare zan ce ban sani ba, mu tambayo. Duk wanda ya taɓa jin bayanin Malam a kan babin ciniki ya zo da abin da ya riƙe, ya gyara mini in na kauce. Guntun kwalin yana nan inda ya bar shi, daga nan za mu tashi in Allah Ya so. A zo da littafi da abin rubutu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.